MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO DA MATSAYIN MAKARANTA WAJEN SAUYA ZAMAN JAMA'A

Gabatarwa

Masana halayyar zaman jama'a sun daɗe suna muhawara a kan matsayin makaranta a cikin al'umma. Wasu suna ganin makaranta ce ke jan jama'a zuwa ga sabon hali, wato idan aka gyara abin da ake koya wa yara, to an gyara gobe ke nan. Wasu kuwa, irin su Bafaranshen nan Emil Durkaim wanda ya rasu a 1917, suna ganin makaranta madubin jama'a ce kurum, domin jama'a ce ke kafa ta don ta haifa mata irinta, saboda haka ba ta da ikon gyara abin da ya haife ta. Ba sai an je Turai za a sami abin auna wannan magana ba. A ƙasar Hausa an yi mutumin da ya sa rayuwarsa duka a kan ra'ayi na farko, ya ga inda ya ci nasara, ya kuma ga inda ya tsaya, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Wannan mutum shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, wanda masarautar da ya kafa ta kai a yau har Bagudo da bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa domin a ga amsar da ke cikinta.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wato wajen 1766, a cikin ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Zuriyarsu Toronkawa ne, Fulanin da suka shahara da karatu, kalmar Fodiyo ma da Fulatanci malami take nufi. Shehu Usmanu wansa ne, ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu.

Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi a hannun Shehu, wanda ya karantar da shi tauhidi da fiƙihu da nahawu da waƙoƙin Larabci da tafsiri. Daga nan ya shiga bin malamai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda al'adar zamanin take. Ya karanta Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji wajen 1786, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya yi wa Shehu kansa tasiri mai yawa. A 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu.

Ya kamata a tsaya a dubi irin wannan makaranta, domin a cikin tsarinta ƙarfinta yake. Ba ta da gini, ba ta da albashi daga fada, ba wani sarki da ya tsara mata abin da za ta koyar. Almajiri yakan sauke littafi a wurin malami, ya karɓi izini, ya ɗauki gafakarsa ya nufi wani gari inda ya ji labarin wanda ya fi sanin wani fanni. Ta haka yakan ƙulla zumunci da mutanen da ba danginsa ba, ba kuma 'yan garinsu ba. Bahaushe da Bafulatani da Buzu sukan zauna a zaure ɗaya, darajar kowa kuwa gwargwadon abin da ya sani ce. A ƙasar da ake auna mutum da gidan da aka haife shi, wannan ma'auni ne dabam, kuma duk wanda ya saba da shi zai fara duban sarauta da wani ido.

Shekarun Wa'azi

Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, daga baya Abdullahi ya zama abokin tafiyarsa, kuma alƙalaminsa. Sun zauna a Zamfara kamar shekara biyar suna karantarwa. Wa'azin kuwa da Hausa da Fulatanci ake yin sa, don haka manomi da makiyayi duk suna ji da kunnensu. Abin da suke ji ya wuce alwala da salla kaɗai, ya haɗa da hakkin talaka a kan mai mulki, da haramcin ƙwace da cin hanci da harajin da shari'a ba ta sani ba.

A cikin zaman Zamfara aka yi wani abu da ke nuna ra'ayin Abdullahi game da ilmi. Wani malami mai suna Gwani Mustafa ya aiko wa Shehu da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wurin wa'azi tare da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi kuwa ya mayar masa da waƙa. Hujjarsa ita ce, ko da akwai aibi a cikin haɗuwar, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi shi muni, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka. Wannan matsayi ya buɗe ƙofar da 'yar Shehu, Nana Asma'u, ta bi daga baya ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan ƙauyuka.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓa ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Mai lura zai ga cewa biyu daga cikin buƙatun nan ba su shafi makaranta ba ko kaɗan. Malami ya fara magana da yawun talakawa, sarki kuma ya saurara, domin ya ga yawan mutanen da ke bayansa.

Bayan komawarsu Dagel sai Shehu ya yi yamma da jama'arsa. Suka ratsa ƙasar Kabi suna wa'azi har suka kai bakin Kwara, suka haye, suka isa Illo, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo kusa da iyakar Benin. Wannan ya faru ne a farkon shekarun 1790, Abdullahi ne kuma ya ajiye labarin tafiyar a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Illo a lokacin gari ne mai sarautarsa ta kansa wadda ke da dangantaka da ƙasar Bargu, kuma mashigi ne na fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro. Nan ne ƙarshen inda wa'azin Shehu ya kai ta wannan fuska, da ƙafa da littafi kuma aka kai shi. A waɗannan shekaru ne har ila yau Abdullahi ya aika wa malaman danginsu waƙa ta nasiha, domin da yawansu suna ja da baya, daga nan suka shigo cikin tafiyar.

A taƙaice, cikin shekara talatin karatu ya tara wata al'umma sabuwa a tsakiyar tsohuwa. Suna kiran kansu Jama'a, ana gane mazansu da rawani, matansu da lulluɓi, kuma biyayyarsu ta koma ga malami maimakon fada. Sarakunan Gobir sun gane haka sarai. Shi ya sa Sarki Nafata ya kafa doka cewa ban da Shehu kada wanda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, a kuma daina rawani da lulluɓi. Da makaranta madubi ce kurum, da ba wani sarki da zai ɓata lokacinsa wajen yi mata doka.

Jihadi da Abin da Ya Biyo Baya

A zamanin Yunfa al'amari ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin Yuni na wannan shekara, inda aka kori Gobirawa. A 1805 ya ci Birnin Kabi, Jama'a kuma suka koma Gwandu da zama.

To, amma yaƙi yana da nasa hukunci. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe wa Jama'a mutum kamar dubu biyu, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani wajen ɗari biyu. A Alwasa ma a 1805 an sake yin babbar hasara. Waɗanda suka faɗi su ne ɗaliban da aka yi shekaru ana reno a Dagel. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawa ba su taɓa zama gaban malami ba, wasu tsoron Gobir ya kawo su, wasu kuwa ganima. Tun a kan hanyar Alwasa rundunar ta washe mutanen da ke da amana, shugabanni suka hana, ba a saurare su ba. Almajirin da aka yi shekara ashirin ana ginawa rana ɗaya yake faɗuwa a fagen fama, ba a kuwa samun madadinsa a rana ɗaya.

Abin ya dami Abdullahi ƙwarai. A waƙoƙinsa na wannan lokaci ya koka da cewa abokansa na gaskiya sun wuce, an bar shi cikin mutanen da ke faɗin abin da ba su aikatawa, waɗanda himmarsu ta koma ga mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada da dawakin hawa cikin gari, aka bar masallatai da makarantu. Wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, ba da niyyar komowa ba. Wazirin Shehu ne fa, kuma babban jarumin Jama'a, ya juya wa nasara baya tana tsakiyar zuwa.

Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai ya tarar da irin abin da ya gudo dominsa. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa bi wajen hukunci. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari da kansa cewa sun tuba, sun farfasa kayan kiɗa, har an mai da kwarangwal ɗin tambura abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma gida. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya ga karatu ya kasa riƙe jama'arsa bai sami wani magani ba sai ƙarin karatu, amma wannan karon masu mulki ya nufa da shi.

Masana biyu sun bayyana irin wannan hali, ko da yake ba a kan ƙasar Hausa suka yi magana ba. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya nuna yadda mutanen da suka fito daga ƙunci da haɗin kai sukan ci birni, sa'an nan jin daɗin birni ya ci su. Bajamushe Maks Weba, wanda ya rasu a 1920, ya nuna yadda tafiyar da aka kafa a kan baiwar shugaba ɗaya takan rikiɗe ta zama muƙamai da gado idan ta zauna. Abdullahi ya ga wannan yana faruwa a gabansa, tun Shehu yana da rai.

Mulkin Yamma da Saɓani a kan Sarauta

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan haka Abdullahi ya ja rundunoni zuwa Dandi da Gurma, aka sake haye Kwara, wannan karon da makamai. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga. Wannan rabo shi ne asalin daular Gwandu.

Mulki bai sa ya yi shiru ba. Ya ƙi jinin a kira shugabannin Jama'a da sunayen sarautar da aka kawar, ya ƙi tambura da tufafin alfarma, ya kuma yi gargaɗi mai ƙarfi a kan mai da shugabanci abin gado daga uba zuwa ɗa. A wasu daga cikin waɗannan mas'aloli ya saɓa da Shehu kansa, wanda ya fi shi sassauci, har suka yi ta rubuce-rubuce, shi da Liya'us Sulɗan, Shehu kuma da Najmul Ikhwan. Saɓanin na malamai ne, an yi shi da hujja da ladabi, amma abin da ke ƙarƙashinsa babba ne: shin an canza tsarin zaman jama'a ne, ko kuwa masu zama a kan karaga kawai aka canza?

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya nufi Gwandu. A wannan tsakani ne Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba, ya yi tawaye a Kware, yana ƙorafin rabon ƙasa da rashin adalci. An ci shi a 1818, sauran mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu. Wannan ma shaida ce cewa bambancin ƙabila da zaure ya danne ya sake ɗago kai da aka zo rabon mulki. Wajen 1820 Bello ya kawo wa baffansa gudummawa aka ci Kalambaina, a nan ne kuma Abdullahi ya yi masa mubaya'a, aka dinke ɓarakar. Buhari ɗan Abdussalami kuwa aka bar shi ya zauna a Jega, wadda ta zama babbar kasuwa.

Rubuce-rubucensa da Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, ya kammala shi wajen 1815. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi sai ya rubuta musu wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wajen 1822. Ya yi Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, ya kuma yi Lubabul Madkhal wanda ya taɓo ladubban malami da ɗalibi. Akwai waƙoƙin Hausa da na Fulatanci da ake danganta masa, amma mafi yawan aikinsa da Larabci ne. Wannan ya sa malamai ne suka fi cin moriyarsa kai tsaye, talakawa kuwa sai ta bakin malaman, ko ta waƙoƙin ajami irin waɗanda Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa suka yi.

Ya rasu a Gwandu a 1245 ta Hijira, wato 1829, a can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sa'an nan ɗansa Halilu daga 1833 zuwa 1858, sarautar kuma ta zauna a gidansa har yau. Abin da ya yi gargaɗi a kansa bai tsallake gidansa ba. Duk da haka Gwandu ta riƙe sunanta na garin karatu. A can ne matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sami kwafin Tarihus Sudan a 1853, littafin tarihin Sangai da Tambutu.

Ta fuskar Kwara kuwa, ikon Gwandu ya yi rauni bayan tawayen Kabawa na 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, wanda Dandi da Zabarma da Arewa suka mara wa baya. Ƙasar da aka ci da takobi ta kuɓuce cikin ɗan lokaci, amma Musulunci da harshen Hausa suka ci gaba da shiga yankin a hankali ta hanyar fatake da makarantun allo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta ja iyaka a tsakanin mutanen da suke dangin juna. Daga baya yaron Tsamiya ya shiga boko da Ingilishi, ɗan'uwansa na Sagbana ya shiga da Faransanci, amma kasuwa da allo ba su san da wannan iyaka ba.

Kammalawa

Rayuwar Malam Abdullahi ta nuna cewa kowane ɓangare na masu muhawara yana riƙe da rabin gaskiya. Makaranta ta sauya ƙasar Hausa, babu shakka: ta haɗa mutanen da ba su haɗa jini ba, ta ba mata hakkin neman sani, ta ba talaka ma'aunin da zai auna sarki da shi. Ta iya yin haka ne domin ba a hannun fada take ba, da harshen mutane take magana, kuma abin da take koyarwa ya taɓa abin da ke damunsu. Sai dai da aka zo kan rabon mulki da dukiya, tsohon tsari ya komo cikin sabuwar riga, karatu kaɗai bai iya hana shi ba. Abin da ya rage a hannun malami shi ne ya rubuta yadda ya kamata a yi, domin na baya su sami abin tuhumar shugabanninsu da shi. Har yau kuwa idan ana maganar adalcin mai mulki a ƙasar Hausa, akan koma ga Liya'ul Hukkam.

Akwai darasi a nan ga masu tsara ilmin zamani. An ƙaddamar da shirin firamare kyauta a 1976, an kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, duka da fatan makaranta za ta sauya zaman mutane irin manoma da masunta da makiyayan bakin Kwara. Tarihin Abdullahi yana nuna cewa gina aji farkon aiki ne kawai. Sai an tambayi wane ne malamin, da wane harshe yake magana, me yake koyarwa, kuma wane irin mulki da hanyar abinci yaro zai tarar idan ya fito. Idan ba a gyara waɗannan ba, to makaranta za ta yi ta yaye mutane, jama'a kuma ta yi ta mai da su yadda take.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya sa aljanna ce makomarsa, amin.